Lotsawar Ƙofar Hagu

A shagon Ikenna, can cikin Sabon Gari,
tsakanin 'yartsana da bindigar ruwa,
na tsinto ta: ja wur, ba ta fi ɗan yatsa ba,
an zana mata harshen wuta a gefe.
Na ce nawa? Ya ce ai ta yara ce.
Na ce yaron ya ba hamsin baya.

A gida, Yakasai, bayan isha'i,
na jiƙa ta a tina cikin murfin kwalba.
Jan ya saɓule kamar ɓawon soyayyar gyaɗa,
ta fito tsirara, launin toka.
Sai zarto. Sai sanfefa.
Wadda nake nema doguwa ce, mai bakin kifi,
Sitiron ɗin da Baba Sallau ya tuƙa
shekara goma sha ɗaya a gidan Alhaji Ɗanbaffa,
wadda in an tayar da ita sai ta yi miƙa,
ta ɗaga baya, sannan ta ɗaga gaba,
kamar raƙumi zai tashi da kaya.
Yaran Fagge har sammako suke don su gani.

Na zaga Ƙofar Ruwa kaf,
ko madubinta ba wanda ya adana.
Wani tsoho ya ce an auna ta a kilo tuntuni,
wataƙila yanzu tukunya ce,
ana dafa wake a cikinta.

To, ni ma na koma ga tarkace.
Na yanko bamba daga gwangwanin madara,
fitilu daga carbin da ya tsinke,
gilashi daga katin maganin hawan jinina,
kujeru kuwa, wani baduku a Kurmi
ya ba ni guntun jar fata, yana dariya.
Fentin ne ya sha ni.
Ba kore ba, ba shuɗi ba,
launin ruwan marina ne kafin baba ya nuna.
Sau bakwai ina haɗawa ina zubarwa.
Lamba na rubuta ta da tsinken sakace,
tocila a baki, numfashi a riƙe.

Wata huɗu.
Matata ta leƙo ta ce,
"Motar da ba za ta kai kowa asibiti ba."
Na yi shiru, na ci gaba da goge taya.

Ranar Juma'a na naɗe ta a hankici
na kai wa Gwaggo Tabawa a Gwammaja,
ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka hau.
Ta kai ta kusa da idon da ke gani,
ta juya, ta juya,
ta shafa ƙofa da babban yatsa.

"Ta yi kyau," in ji ta. "Amma ba ita ba ce.
Ina lotsawar?
Ƙofar baya, ta hagu,
inda amalanke ya daka mata a Ƙofar Mata
daren da uwarka ke naƙudarka.
Sallau bai nemi izini ba, makulli kawai ya sura.
Ni ce a baya, kanta a cinyata.
Alhaji ya yanke masa albashin wata uku,
ya kuma hana a buge wurin
wai don ya riƙa gani yana tunawa.
Shi kuwa kullum in ya zo wanki
nan yake fara gogewa."

Na dawo a ƙafa, ban hau komai ba.

Ga ƙusa, ga 'yar guduma,
ga wata huɗu a tafin hannuna
tana sheƙi, ba ta san komai ba.
Na ɗora bakin ƙusa, na ɗauke.
Na sake ɗorawa.

Bugu ɗaya.
Fenti ya tsage kamar silin gashi.

Tana kan rediyo yanzu.
Na juyo da hagunta wajen ɗaki.
Matata in ta zo shara
nan take fara hurewa.